An ce ruwa na tafe, to mu buɗe shago ko mu rufe?

Baban Walida: Assalamu alaikum mutanen zaure. Jiya bayan isha'i na ji a rediyo cewa hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ta yi hasashen ruwa mai ƙarfi da iska na kwana uku a wasu jihohin arewa, har da Kano. Mai karanta labaran ya rufe da cewa jama'a su yi hattara. Tun daren nake juya maganar nan. Hattarar me? Shagona a Kwari a ƙasa yake, ina da sito a bayan layi, ina da yara huɗu, ga motar kayana tana hanya daga Legas. In buɗe ko kar in buɗe? In kwashe diloli in hau da su sama? In ce direba ya kwana a Kaduna? Duk wanda ya ga Kwari a Agustan 2022, ranar da ruwa ya cika layuka ya shiga shaguna ya jiƙa atamfa da shadda, ya san ba neman magana nake ba. Gwamnati tana gaya mana ruwa zai zo, amma ba ta gaya mana abin da za mu yi.

Hajiya Mai Leshi: Wa alaikumus salam Alhaji. Kai da ka ji ma ka gode Allah. Ni sai da safe 'yata ta nuna min a Facebook, a ƙasan hoton wata amarya.

Injiniya: Alhaji, bari in ɗan warware yadda aikin yake a rabe, don a san wanda za a tambaya. NiMet tana ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, aikinta ta ce ga yadda sama za ta kasance. A farkon kowace shekara tana fitar da hasashen damina gaba ɗaya, har da fassarar Hausa, sannan ta riƙa fitar da na kwana-kwana. Koguna da madatsun ruwa kuma na NIHSA ne, hukumar da ke lura da yanayin ruwa ta ƙasa, ita ke fitar da hasashen ambaliya na shekara. A na 2024 ta lissafa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 da ke cikin babban haɗari. NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, ta ɗauki waɗannan ta rubuta wa gwamnoni, jiha ta miƙa wa tata hukumar agajin, SEMA, ana sa ran SEMA ta sauko da shi ƙaramar hukuma. To duk cikin na tarayyar nan babu mai ikon cewa a rufe Kwari ko Singa ko Dawanau. Kasuwa ta jiha ce da ƙaramar hukuma. Mai ilimin ba shi da sanda, mai sandar kuma takarda ce ke zuwa teburinsa tare da wasu ɗari.

Baban Walida: Wato Injiniya, tsakanin Abuja da Fagge maganar ke narkewa.

Injiniya: Kusan haka ne, ranka ya daɗe.

Ɗan Yerwa: Ku bar ni in yi magana, don mu a jikinmu muka karanta wannan darasi. Kasuwar Monday Market ta Maiduguri ta ƙone a Fabrairun 2023. Muka yi kuka, aka gyara, muka ci bashi muka zuba sabon kaya. Shekara ɗaya da rabi, daren 9 wayewar 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle. Madatsar nan tana Konduga ne a kan kogin Ngadda, tun shekarun 1980 aka gina ta, kuma ta taɓa yi wa Maiduguri irin wannan a 1994, tsofaffinmu duk suna ba da labari. Kusan mako guda kafin ranar, kowa a gari yana maganar ruwa ya cika. Masu gonaki a bakin kogi sun riga sun ga abin da suka gani. Ni kaina na tsaya a bakin gada na kalli ruwan, na ce wannan ba na bara ba ne. Amma na koma shago na ci gaba da ciniki, saboda maƙwabcina bai kwashe ba, shi ma yana kallona ban kwashe ba.

Cikin dare ruwa ya shigo. Gwange, Gamboru, fadar Shehu, asibitin koyarwa, duk ya shiga. Namun gidan zu suka fita, fursunoni 281 suka tsere da katangar gidan yari ta faɗi, mutane wajen dubu 400 suka bar gidajensu. Ni buhunan sukari da fulawa nake sayarwa. Ka san abin da ruwa ke yi wa sukari? Ko buhun ba ka samu da nauyi. Da wani mai iko ya shigo kasuwa da lasifika ranar Asabar ya ce duk mai kaya a ƙasa ya kwashe kafin Litinin, wallahi da na ɗauki hayar mota biyu na kai gidan ƙanina a tudu. Kuɗin motar bai kai kuɗin buhu biyar ba.

Hajiya Mai Leshi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa.

Bafulatanin Yola: Amin. Yau dai na ɗaga wa Babarbare ƙafa, ba zan tsokane shi ba. Mu namu tashin hankalin daga Kamaru yake zuwa. In an ce za a saki ruwan madatsar Lagdo, sanarwa tana fitowa, amma irin ta Alhaji ce: mazauna bakin Binuwai su koma tudu. Wane tudun? Mai shinkafa a fadama ya ɗauki gonar a ka? A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a faɗin ƙasa, ruwa ya datse hanya a Lokoja, tireloli da tankokin mai suka yi kwanaki a tsaye har Abuja ta shiga layin mai. Direbobin nan da an tsayar da su tun daga inda suka yi lodi, da ba su je sun jibge a wuri ɗaya da tumatir da shanu ba. Madatsar Dasin Hausa da aka ce ita za ta riƙa tare ruwan Lagdo, tun ina yaro nake jin sunanta.

Ɗan Yerwa: Ka ɗaga ƙafa don ka san bashin nonon da kake bina ya bi ruwa.

Na Chaina: Salam. Ni ina Guangzhou shekara tara, bari in ba ku yadda ake yi a nan, ba don yabon wani ba. Kudancin Chaina guguwar teku ce matsalarsu, kusan kowace shekara. Abin da na lura shi ne, gargaɗin a ɗaure yake da aiki. In abin ya kai matakin ƙarshe, hukumar birni tana shelar abin da suke kira tsayawa biyar: makaranta ta tsaya, aikin ofis ya tsaya, masana'anta ta tsaya, sufuri ya tsaya, kasuwa ta tsaya. Na ga makamancin haka lokacin guguwar Mangkhut a Satumban 2018, an kuma yi a birane da dama na lardin Guangdong lokacin Ragasa a Satumban 2025. Saƙo ne zai shigo wayarka da lokacin farawa. Mai kagona ya kira ni ya ce sito a rufe, kar ka turo kaya. Ba gardama, don shi ma ba shi ya yanke ba.

Hong Kong ma ta fi burge ni. Su lamba suke ɗagawa, 1, 3, 8, 9, 10. Yaro ɗan firamare ya san in an ɗaga 8 ba makaranta, yawancin shaguna da ofisoshi rufewa suke. Kuma hukumar yanayinsu tana sanarwa tun kusan awa biyu kafin ta ɗaga 8 ɗin, don mutane su kai gida. Sashen ƙwadago kuma yana da littafin jagora da ke cewa maigida da ma'aikaci su yi yarjejeniya tun kafin lokacin guguwa: wa zai zo, wa zai zauna, yaushe za a dawo in an sauke lamba, kuma kar a yanke albashi saboda haka. Har kasuwar hannun jarinsu da can rufewa take, sai a Satumban 2024 suka koma ci gaba da ciniki ta kwamfuta ko ana guguwa.

Hajiya Mai Leshi: To Na Chaina, a can in an ce za a yi, ana yi. Mu nan sau nawa aka ce ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka wuni rana na dukanmu? Ka rufe min shago sau uku a banza, na huɗu ko Gwamna ne ya zo da kansa sai na buɗe. Ranar ciniki guda a makon sallah ta fi wata guda na bayan sallah, ku maza kun sani.

Injiniya: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Hasashen da ake ba mu na jiha ne sukutum. In an ce Kano, ruwan yana iya sauka a Bichi ko Tudun Wada, Fagge ko ɗigo. Hasashen bai yi ƙarya ba, amma ke a wurinki ya yi. Kafin a iya cewa unguwa kaza cikin awa uku, sai da na'urorin hango hadari masu aiki da tashoshin awo da yawa. Sannan guguwar teku ana ganin tafiyarta kwanaki kafin ta iso, namu hadarin kuwa yana iya haɗuwa bayan azahar ya zuba kafin magariba. Shi ya sa ni ban goyi bayan a ce rufe kasuwa duk lokacin da aka yi hasashe ba. Amma tsakanin rufewa da yin shiru akwai fili babba. Ana iya cewa yau kar a bar dila a ƙasa, kar a sauke mota bayan la'asar, a kashe wutar layi in ruwa ya fara taruwa. Wannan ba ya hana kowa ciniki. Maganar madatsa kuma daban ce, don ita ana ganin cikarta da ido, ana auna ta kullum.

Bazazzagi a Sifaniya: Kanawa an taɓa ciniki, hankali ya tashi. Ku tsaya ku ji na Turawa, don kar a ɗauka kayan aiki ne kaɗai matsala. Ina ƙasar nan lokacin ambaliyar Valencia, 29 ga Oktoba 2024. Ni ina kudu, ruwan bai same mu ba, amma ina da abokai masu aikin lemu a can. Hukumar yanayinsu, AEMET, ta yi kwanaki tana gargaɗi, kuma da sassafen ranar ta ɗaga jan gargaɗi, wanda babu na sama da shi. Jami'ar Valencia ta ɗauki abin da gaske ta soke karatu. Amma gwamnatin yankin, wadda ita ke da ikon tura saƙon gaggawa a wayoyin jama'a, ba ta tura ba sai ƙarfe 8 da minti 11 na dare. Lokacin ruwa ya riga ya shiga garuruwa. A Chiva an yi ruwan da ya kusa na shekara guda cikin awa takwas. A Paiporta kuwa kusan ba a yi ruwan sama ba, daga tudu ya gangaro musu ta kwari, mutane na zaune ba su san komai ba.

Sama da mutum 220 suka mutu. Da yawa a mota ruwan ya same su suna dawowa daga aiki, wasu sun sauka garejin ƙarƙashin ƙasa su fitar da mota. Manyan shaguna da masana'antu sun wuni a buɗe, saboda babu umarnin rufewa, ma'aikaci kuma ba zai ajiye aiki ya tafi don ya ga ja a talabijin ba. Da Sarki Felipe ya je Paiporta jaje, da taɓo aka jefe shi. Shugaban yankin, Carlos Mazón, ya yi shekara guda ana zanga-zanga a kansa kafin ya sauka a Nuwamban 2025.

Abin da ya biyo baya shi ne ya shafi tambayar Alhaji. Wata guda bayan ambaliyar, gwamnatin ƙasa ta yi doka cewa in hukuma ta ce kar a fita saboda yanayi, ma'aikaci na da hutu har kwana huɗu da cikakken albashinsa. Sun gane cewa gaya wa mutum ya zauna a gida ba ya aiki in maigidansa na jiran sa.

Baban Walida: Bazazzagi yau ka yi abin kai, na yafe maka tsokanar. Ashe su ma masu hasashen sun yi nasu, mai sandar ne ya makara.

Autan Layi: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni yaron shago ne. Duk maganar nan ta masu kaya ce. Baba Alhaji in ya rufe kwana biyu, dilolinsa na nan. Ni in ba a buɗe ba, ba kuɗin abinci ba na mota. Ni ma da sauƙi, maigidana yana da kirki. Ɗan dako fa? Shi dila yake ɗauka a biya shi. Mai shayi, mai ruwan leda, mai tura baro, ɗan tebur da ke cin kamasho? Dokar Sifaniya ta yi wa mai takardar ɗaukar aiki amfani. A layinmu ban san mutum ɗaya mai irin wannan takarda ba. In gwamnati ta ce a rufe, ta faɗi wanda zai ciyar da mu ranar. Mun ga kullen korona a 2020, ba labari aka ba mu ba.

Hajiya Mai Leshi: Yaron nan Allah ya yi maka albarka, ka faɗi abin da manya suka tsallake.

Alhaji Na Singa: Ni fa tsorona daban ne, kuma zan faɗa ko ba daɗi. Ranar da aka ba wani ofis ikon rufe kasuwa saboda hadari, ranar aka buɗe sabuwar hanyar karɓar tara. Za ka ga mutane da riga mai sheƙi da rasit suna zagaye, hadari na gabas suna yamma. Mai babban shago ya sallame su ya ci gaba da ciniki, mai tebur a kwashe masa kaya. Ku bar gwamnati ta yi abin da yake nata: ta yashe kwata, ta hana gini a kan magudanar ruwa. Bayan ruwan 2022 ai an rushe rumfunan da aka kafa a kan hanyar ruwa a Kwari. Su waye suka bari aka kafa su tun farko? Ruwan da ya sami hanya ba ya shiga shago.

Injiniya: Alhaji, gyaran kwata gaskiya ne, amma ba ya maye gurbin gargaɗi. Valencia suna da magudanan da ba mu da irinsu. Dubai ma da duk kuɗinta, a Afrilun 2024 ruwa ya tsayar da filin jirginta, sai dai su tun kafin ya sauka an ce ma'aikatan gwamnati su yi aiki daga gida, makarantu su yi karatu ta intanet. Akwai ruwan da ya fi ƙarfin kowace kwata. Kuma ikon rufewar da kake tsoro ai yana nan tuntuni. Asabar ɗin ƙarshen wata wa ke fita kafin ƙarfe 10 a Kano? Ranar zaɓe wa ke buɗewa? An iya tsayar da gari don shara, don haka ba rashin iko ba ne.

Ga wani misali a cikin gida. Jirgin sama ba ya tashi sai da rahoton yanayi, doka ce. In hazo ya yi yawa a filin Malam Aminu Kano, fasinja ya yi ta faɗa, jirgi ba zai tashi ba. Da ma'aikatan NiMet suka shiga yajin aiki a Afrilun 2025, har dakatar da tashi wani kamfanin ya yi. Hukuma ɗaya ce, bayani iri ɗaya ne. A sama an ɗaure shi da doka, a ƙasa an bar shi shawara. Kwalekwalen da ke ɗaukar 'yan kasuwa a Neja da Kebbi ran da aka yi hasashen iska, wa ke tsayar da shi?

Alhaji Na Singa: Jirgi kamfani nawa ne? Ka ƙirga su da yatsu. Kasuwa mutum dubu nawa? Ba ɗaya ba ne, Injiniya.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu a 2024 ruwa ya kashe sama da mutum 300, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya faɗi, hanyoyin shiga Yamai suka yanke har mai ya yi wuya. Mataki ɗaya da gwamnati ta ɗauka wanda kowa ya gane shi ne ɗage komawa lakwal, wato makaranta, daga farkon Oktoba zuwa 28 ga wata, don azuzuwa sun lalace, wasu kuma mutane ke kwana a ciki. Ya yi aiki don rana aka faɗa, ba a ce a yi hattara ba. Mai sayar da littafi da tela mai ɗinkin kayan lakwal duk sun san yadda za su tsara kansu. Ɗan kasuwa yana iya jure labari marar daɗi in dai da kwanan wata a jiki.

Na Chaina: Ka tuna min da Saudiyya. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikaci aiki a rana daga 12 zuwa 3 na rana, kowace shekara. Ɗan kwangila tun yana lissafin aiki ya san da shi. Mu zafin Afrilu a Sakkwato da Yola sai dai a ce a sha ruwa da yawa.

Malam Na Masallacin Layi: Ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Masu cewa hasashe shiga gaibu ne su daina, wanda ya ga hadari ya kwashe shanya bai yi duba ba. Kuma in kuna neman mai isar da saƙo, ga mu. Sau biyar a rana mutanen layi suna gabanmu. Ba a taɓa kawo min takarda an ce karanta wannan bayan azahar na ƙi ba, sai dai ta cigiyar yaro da ta ɗaurin aure ake kawowa.

Baban Walida: To na ji kowa. Ni dai ban ga alamar wani zai zo daga ofis ya gaya mana ba a daminar bana, kuma maganar Alhaji Na Singa ta masu rasit ta shige ni. Abin da nake gani, mu kai wa shugabannin layi shawara su zauna da Injiniya a yi mana namu matakin, ko biyu ne. Na farko a ɗaga kaya daga ƙasa, a daina sauke mota da yamma. Na biyu a kashe wuta a sallami yara da wuri. In ya so a nemi SEMA ta ba mu mutum ɗaya da zai riƙa turo mana sanarwa kai tsaye, ba sai ta biyo ta hoton amarya ba. Maganar Auta kuma, ranar ɗaga kaya ai ranar aikin 'yan dako ce, sai dai ma su yi mana tsada. Ranar sallama da wuri ce ban san yadda za a yi ba.

Autan Layi: Baba, a cire daga kuɗin da ake karɓa na masu gadi da shara mana. Kullum ana karɓa.

Alhaji Na Singa: Yaro, ka taɓa ganin lissafin kuɗin nan da idonka?

Hajiya Mai Leshi: Kar ku buɗe wannan babin yanzu, sai mu kai asuba. Alhaji, motarka fa?

Baban Walida: Na ce ya kwana a Zariya, in gari ya waye mu ga sama. Bazazzagi, in an sace min taya a garinku kai zan kama. Yara kuma sun hau da shadda sama tun ɗazu, atamfar ce ba wuri, mun jera ta a kan benci.

Ɗan Yerwa: Benci bai isa ba Alhaji, ni a kan tebur na ɗora nawa. Ka roƙi na sama da kai ya ara maka wuri ko kwana uku ne, ko da kuɗi.

Malam Na Masallacin Layi: Injiniya, ka rubuto min abin da zan faɗa gobe bayan azahar, layi uku kawai, da Hausar da ɗan dako zai gane. Sai dai lasifikar waje ta lalace tun azumi, ta ciki kaɗai ke aiki. Wa ke da lambar mai gyara?